Ciwon Daji Ba Ya Tambayar Suna

   Maganarmu ta yau tana da ɗan nauyi, akwai wuraren da sai an ajiye kunya gefe kafin a faɗe su. In da yara kusa, a ɗan aike su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bari in fara da labarin wata baiwar Allah, ba zan faɗi sunanta ko na garinsu ba. A haihuwarta ta bakwai ta yi doguwar naƙuda, kwana biyu a gida, har mahaifa ta fashe. Cikin dare aka ɗauke ta zuwa asibiti, aka yi mata aiki, aka cire mahaifar, Allah ya yi da sauran kwana. Abin da aka gaya wa mijinta, shi kuma ya gaya mata, kalma uku ce: an cire mahaifa. Bayan shekara 11 sai ta fara ganin ɗan jini-jini duk ranar da ta yi kwanan miji, daga baya wani ruwa mai wari ya biyo baya. Duk wadda ta yi wa zancen sai ta ce ai sanyi ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe da tsuguno. Ana nan sai aka ce ma'aikatan lafiya mata sun zo asibitin da ke kusa da su suna duba bakin mahaifa. Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya, ki shirya mu je." Ta yi dariya ta ce, "Ke dai je ki. Ni da ba ni da mahaifa, me za a duba mini?"

Sai bayan shekara biyu, da jinin ya ƙi tsayawa, aka kai ta. Ashe lokacin wancan aiki saman mahaifar aka yanke, bakin yana nan a wurinsa. A nan ciwon daji ya zauna yana ci a hankali. Tana da rai har yanzu, alhamdu lillahi, amma sai da aka yi ta jigilar Zariya ana gashi da na'ura, awaki suka ƙare, gona ɗaya ta tafi.

Abin da nake so ki riƙe daga labarin nan shi ne, ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, ba ruwansa da sunan da mutane ke kiran ki da shi. Ba ya tambaya ko ke matar aure ce ko bazawara, ko kin daina haihuwa, ko an ce da ke "wadda aka cire wa mahaifa". Ba ya ma tambaya ko mace ce ko namiji. Gaɓar da ke jiki yake bi. In gaɓar tana nan, to tana bukatar dubawa, komai abin da aka rubuta a katin mutum.

Shi wannan dubawa da nake ta faɗi, ba na mara lafiya ba ne. Kamar awon ciki yake: lafiyarki ƙalau kike zuwa, don a gano matsala tun ba ta yi baki ba. Kuma a duk cututtukan daji babu wanda ya fi ba da wannan dama kamar na bakin mahaifa. Wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke jawo kusan dukkansa. Tana shiga ta hanyar saduwa, kuma tana da yawa ƙwarai, har mafi yawan mutanen da suka taɓa aure sun gamu da ita a wani lokaci ba su sani ba, jiki ya kore ta da kansa. A wajen wasu ne take maƙalewa, ta yi ta sauya fatar bakin mahaifa sannu a hankali, shekara 15 zuwa 20 kafin abin ya zama daji. Kin ga kuwa wannan doguwar tafiya ce, akwai wuraren tare ta da yawa. Ga mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau tafiyar ta fi sauri, kuma haɗarinta ya ninka na sauran mata kusan sau shida.

Na san abin da wata ke cewa a ranta yanzu: "Ni da ko zaure ba na leƙawa, ina zan gamu da ita?" 'Yar uwa, kulle yana tsare ki daga abubuwa da yawa, amma ban da wannan. Namiji yana ɗaukar ta ba tare da wata alama ba, yana iya zuwa da ita daga auren da ya yi shekaru da suka wuce, ta kuma zaga ɗakuna a gidan da ke da mata biyu ko uku. Samun ta ba shaidar cewa wani ya yi ashsha ba ne, kada a je a tayar da husuma a gida. A shekarar 2020 an ƙiyasta mata kusan 12,000 ne suka kamu da dajin bakin mahaifa a Nijeriya, kusan 8,000 suka rasu. Galibinsu matan aure ne irinmu, masu 'ya'ya da jikoki.

Yadda ake dubawar ba wani abin tsoro ba ne. Za ki kwanta a bayan labule, ma'aikaciya ta sa wani ɗan abu mai kamar bakin agwagwa ta buɗa gaba kaɗan don ta hango bakin mahaifa, ta shafa ruwan binega da auduga, ta jira minti ɗaya. Inda fata ta fara lalacewa sai ya yi fari. In ƙarami ne, a wasu wuraren nan take ake kashe shi da wata 'yar na'ura mai ɗumi ko mai sanyi, ki koma gida da ƙafarki, kuma ba ya hana haihuwa. Akwai kuma gwajin da ake ɗibar ɗan ruwa da tsinken auduga a kai ɗakin gwaji a nemi ita kanta ƙwayar HPV ɗin, wanda shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so tun 2021. Ta ce a fara daga shekara 30, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10. In da binega aka yi, bayan shekara 3. Mai ɗauke da ƙanjamau ta fara tun tana 25. In abin ya yi wuya, to ko sau biyu a rayuwa, ɗaya wajen shekara 35, ɗaya wajen 45, yana rage asara mai yawa. 'Yan matanmu kuwa an sama musu abin da mu ba mu samu ba: allurar rigakafin HPV, wadda Nijeriya ta fara yi wa 'yan shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023, ta iso Jihar Katsina a zagaye na biyu a watan Mayu na 2024. Allura ɗaya ce, kuma ba ta da wata alaƙa da hana haihuwa, duk da abin da ake faɗi a gidajen biki.

Mu koma kan masu aikin mahaifa, don suna da yawa a ƙasar nan tamu, inda doguwar naƙuda da zubar jini ba baƙin abu ba ne. Cire mahaifa iri biyu ne. Akwai wanda ake cire ta gaba ɗaya har da bakinta. Akwai wanda ake yanke sama a bar bakin, kuma shi likita kan zaɓa sau da yawa in ana gaggawar ceton rai, don ya fi sauri kuma jini bai cika zuba ba. Ba laifi aka yi miki ba, dabarar ceto ce. Amma ya kamata ki san wanne aka yi miki. In takardar sallama tana nan a ƙasan akwati ko cikin kwalla, a fito da ita a nuna wa ma'aikaciya. In ta ɓace, dubawa ɗaya ta isa a gane. Ita ma wadda aka cire wa duka, in saboda daji ko alamarsa aka cire, ba ta gama da asibiti ba. Haka tsohuwar da jini ya ɗauke mata shekara da shekaru: in ta ga ko ɗigo ɗaya, ba al'ada ce ta dawo ba, ba kuma yarinta ba ce. A kai ta a duba. Tsofaffinmu suna da zurfin ciki, sai ke mai wanke musu zane ce za ki lura.

Maganar nono mun sha yin ta, ba zan daɗe a kai ba. Shi ne dajin da ya fi kama matan Nijeriya. Ki san nononki yadda kika san tafin hannunki, ki riƙa shafawa har cikin hammata 'yan kwanaki bayan kin yi wankan tsarki. Ƙullutu, ko kan nono ya shige ciki, ko jini ya fito, ko fata ta yi kamar ɓawon lemo, duk na kaiwa asibiti ne. Mafi yawan ƙullutu ba daji ba ne, amma hannu ba ya rarrabewa. Mai shayarwa da aka ce mata ciwon nono ne, ta sha magani mako biyu bai baje ba, ta koma. Wadda aka cire wa ɗaya, ɗayan yana nan yana jiran kulawa. Daga shekara 40 kuma a tambayi likita zancen hoton nono.

Abin da ba mu cika faɗi ba shi ne, maza ma suna yin dajin nono. Ba su da yawa, cikin masu ciwon 100 da ƙyar a sami namiji ɗaya, amma suna zuwa asibiti a makare, don wane namiji ne zai je ya ce nononsa ke ciwo? A bayan kan nonon kowane namiji akwai ɗan naman nono, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ke ce kike ganin ƙirjin maigida in ya tuɓe riga. In kin ji wani tauri kamar ƙwallon goriba ƙarami a gefe ɗaya, ko kin ga tabon jini a singiletinsa daidai wurin, ki faɗa masa, ki kuma nace.

Yanzu ga wurin da na ce sai an ajiye kunya. A kusan kowane gari akwai gidan da aka haifi jaririn da ungozoma ta duba ta yi shiru, don ba a gane ko mace ne ko namiji ba. Mata-maza muke cewa. Akan rufe zancen tsakanin uwa da kaka da ungozoma, a zaɓi suna ranar bakwai, a ci gaba da addu'a. Ba sabon abu ba ne, ba kuma la'ana ba ce. Malaman fiƙihu sun yi bayaninsa tun ƙarnoni da suka wuce, har littafin Muhtasar na Shehu Halil, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, da hukuncin gadon irin wannan mutum ya rufe. Abin da aka rubuta a littafin shari'a bai kamata ya gagari faɗi a gaban likita ba.

Dalilin da ya sa na kawo shi cikin zancen daji shi ne wannan. Wasu daga cikin yaran nan suna da 'ya'yan maraina da suka maƙale a cikin ciki ko a matsematsi, ba su sauko ba. Ɗan maraina da ya zauna a cikin zafin ciki ya fi saurin zama daji idan an girma, kuma tun da ba a ganin sa, ba mai lura sai ya yi nisa. Wannan ma ba sai ga mata-maza ba. Yaro namiji sosai ana iya haifar sa da jaka ɗaya babu kowa ciki. Ke mai yi wa jariri wanka, ki taɓa a hankali ki ji ko biyun suna nan. In ya kai wata shida ɗaya bai sauko ba, a kai shi, don an fi son a yi aikin sauko da shi kafin ya cika shekara ɗaya da rabi. Kada a ce a bari sai lokacin kaciya.

Akwai kuma yarinyar da za ta tashi mace sosai, kyakkyawa, ƙirji ya fito, amma ta kai shekara 15 ko 16 ba ta taɓa ganin al'ada ba. Dalilan haka suna da yawa, wasu masu sauƙi ne. Amma a cikinsu akwai wadda in an yi hoto sai a tarar ba ta da mahaifa sam, abin da ke ciki 'ya'yan maraina ne, wani lokaci ma tun tana ƙarama sukan leƙo a matsematsi a ɗauka ƙaba ce. Irin wannan yarinya mace ce a rayuwarta da tarbiyyarta, ba mai ƙwace mata wannan. Ba ta bukatar gwajin bakin mahaifa tun da babu shi, amma abin da ke cikin nan yana bukatar likita ya riƙa bibiya, a kuma yi shawara da ita kan ko za a cire da lokacin da ya dace. Kin ga an koma kan maganarmu: abin da ke jiki ake dubawa. Ina roƙon iyaye, kada a yi gaggawar aurar da yarinyar da ba ta fara al'ada ba da fatan aure zai kawo shi. A fara kai ta a duba. Sannan jaririn da aka haifa ba a gane jinsinsa ba, a kai shi cikin kwanakin farko, kada a jira arba'in, don wani nau'in yana sa gishirin jiki ya tsiyaye, yaro ya yi ta amai ya bushe cikin mako biyu ko uku. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, can ake tura irin waɗannan.

Wannan ƙa'ida ta bin gaɓa, likitocin Turai da Amurka ma sai da suka koye ta da wahala, ta wajen mutanen da ake kira masu sauya jinsi. Kun sha jin labarinsu a rediyo: wanda aka haifa namiji amma yake jin kansa mace, ko wadda aka haifa mace take jin kanta namiji, har wasu su sha magungunan sinadarin jiki ko a yi musu tiyata, su sauya suna da takardu. Su daban ne da mata-maza, kada a haɗa. Ba hukuncin abin na zo yi ba, wannan fagen malamai ne. Abin da ya faru a asibitocinsu nake so ki ji. A Ingila, hukumar lafiya takan aika wa mata takardar gayyatar gwajin bakin mahaifa bisa abin da ke rubuce a rajista. Sai aka wayi gari waɗanda suka mayar da rajistarsu ta koma "namiji" takarda ta daina zuwa musu, alhali da yawansu bakin mahaifar yana nan daram. Maganin da suke sha ya ɗauke al'ada, ya fito da gemu, amma bai hana HPV aikinta ba. Daidai da matar da na ba ku labari: suna ya ce babu, jiki ya ce akwai. Ko waɗanda aka cire wa nono, akan bar ɗan nama a gefe da wajen hammata, don haka ƙullutu a wurin ba abin rainawa ba ne.

Ta ɗaya ɓangaren ma haka. Wanda aka haifa namiji, ko an yi masa tiyata, akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin mafitsara da ake kira furostet, wadda ba a cirewa, kuma ita ce dajin da ya fi kama mazan Nijeriya yake kamawa. Sannan shan sinadarin mata yana sa nono ya fito, nono kuwa in ya fito ya shiga layin dubawa. A birnin Amstadam na ƙasar Holan an bi bayanan irin waɗannan mutane 2,260, aka buga sakamakon a 2019: an sami 15 da dajin nono. Wannan ya ninka abin da ake gani ga sauran maza kusan sau 46, ko da yake bai kai na mata ba.

Wata za ta ce ina ruwanmu da Holan. To, mu ma muna da 'yan daudu, ba yau aka fara ba, kuma kowane ɗan daudu ɗan wata ne, ƙanen wata ne. Mafi yawansu ba su sha komai ba, ba a yi musu komai ba, jikinsu na maza ne, dubawarsu ta maza ce: maraina tun ana samari, furostet in an doshi 45 zuwa 50, musamman in fitsari ya fara wahala ko ana yawan tashi da dare. Amma in kin san naki yana shan ƙwayoyin fito da ƙirji da ake saye a kemis ba da takardar likita ba, ki sani suna iya daskarar da jini a jijiya, kuma ƙirjin nan yana bukatar dubawa irin ta nonon mace. Irin waɗannan mutane sun fi kowa gudun asibiti, don tsoron dariya da tsangwama tun daga layin karɓar kati. Sau da yawa uwa ce kaɗai za ta ce "je ka a duba ka" ya ji. Duk abin da ke tsakaninku na faɗa da nasiha yana nan, ba na ce ki bari ba, amma sai yana da rai za ki yi masa. Mu ma mata, masu shan maganin ƙiba da na gyaran nono da ba a san abin da ke ciki ba, in an je gaban likita a faɗi gaskiya, a ma tafi da kwalbar ko kwalin.

Saura magana ɗaya da na san tana hana mutane motsi, wato cewa daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Na san inda zancen ya samo asali. Ana kai mutum ne bayan ciwon ya riga ya gama jiki, a yi aiki, ya rasu bayan wata biyu, sai a ce ƙarfe ne. Ba ƙarfe ba ne, jinkiri ne. Ɗan naman da ake tsinka da allura a kai gwaji shi kaɗai ke tabbatar da ko daji ne ko ba shi ba ne, kuma da shi ake sanin maganin da zai karɓa. Wanda ke fusata ciwo shi ne tsaga da shafa magani mai cin fata har wuri ya zama gyambo.

To yaya za a yi a fita? Ki zaɓi lokacin da maigida ya ci ya ƙoshi, hankalinsa a kwance. Kada ki fara da sunan daji, yana firgita maza. Ki ce, "Malam, akwai awon da ake yi wa mata masu lafiya, mace ce ke yi, ba ya cin rabin yini, ina so ka ba ni izini in bi su Hajiya." In da hali ku haɗu da abokiyar zama ko surukarki ku tafi tare, an fi saurin bari, kuma ita ma tana bukata. Ki fara da asibitin da kike awon ciki ko Babban Asibitin Daura, ki tambaya ko suna gwajin bakin mahaifa, in ba sa yi ranar su gaya miki inda ake yi da ranar da ake yi. A Katsina akwai asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa da kuma na koyarwa. Kina da damar cewa mace kike so ta duba ki, ki kuma ce 'yar rakiyarki ta tsaya kusa ko ta jira a waje, yadda kika fi sakewa. Kada ki je kina cikin al'ada, kuma kwana biyu kafin nan ki dakata da matsi da duk wani abin cusawa, don suna rufe abin da ake son gani.

In kin zauna gaban ma'aikaciya, kafin ta tambaya ki ce mata, "Sista, an taɓa yi mini aiki shekara kaza, ga takardar, ban sani ba ko an bar bakin mahaifa." Ko, "'Yata ce, shekararta 16, ba ta fara ba." Ko, "Ɗana ne, ɗaya bai sauko ba." Kafin ki tashi kuma ki tambaye ta abu biyu, ta rubuta miki a bayan kati ko da ba kya karatun boko, wani zai karanta miki a gida: me aka gani, kuma yaushe za ki dawo.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu amsa wasiƙun da kuka aiko kan allurar 'yan mata.